Maganar Ƙarshe ta Baban Madina

Alhamis, 20 ga Yuni, 2024

Halliru. A nan dai ina iya rubuta sunanka, ba mai cewa ba ni da kunya. A tsakar gida kuwa sai dai "marigayi" ko "Baban Madina".

An kwance mini kitso, an kwashe kwalli da turare an kai ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Na ce mata malamai sun ce mai takaba tana iya fita aikinta ta dawo. Ta ce, "Malaman Gusau ke nan. Nan Bungudu muke." Shi ke nan, an rufe magana. Makarantar 'yan matan da nake koyar da Hausa a Gusau sun ba wata malama ajina.

A karar Tsafe ya faɗi, yana duba ragunan layya. Hawan jini, in ji su. Malamin dabbobi mai tsikarin shanu da allura kullum, amma shi a gwada jininsa sai an yi rigima.

Madina ba ta yi kuka yau ba. Shekararta tara, tana kallon kowa a baki.

Lahadi, 23 ga Yuni

Sahabi, ƙanensa, ya zo ya zauna bayan labulen ƙofata. Mutumin da kullum sai ya ce miyata ta 'yan boko ce, ba daddawa. Yau ko sallamarsa da ƙyar ta fito.

Shi ne aka ce ya riske shi a Tsafe. Ya ce, "Yaya, da ni isa na ɗora kanshi bisa cinyata. Ya buɗe ido yac ce, ku gaya ma Hussaina na yahe mata, ita ma ta yahe min. Sannan yay yi kalmar shahada."

Na toshe bakina da gefen zane. Ranar da zai koma Tsafe faɗa muka yi, a kan takalminsa na roba da ya shigo mini da shi har kan tabarma, duk kashin shanu. Na yi ta mita, ya fita ko kunun bai sha ba. A dawo lafiya ma ban ce masa ba. Tun da aka kawo gawarsa abin nan ke tokare da ƙirjina, yau na samu numfashi. Allah Ya saka wa Sahabi.

Laraba, 3 ga Yuli

Ɗaki, bayan gida, ɗaki. In na tsaya bakin rijiya ina jin kwandasta a titi yana kiran Gusau, Gusau.

Asabar, 13 ga Yuli

Na ciro tsohon littafin nan na mai fito, wanda nake koya wa 'yan aji uku. Na ɓoye shi ƙarƙashin filo, don Inna ta ce littafin hira ba na mai takaba ba ne.

Mai fiton da bakinsa yake ba da labarin mutanen da ya ƙetarar a kwalekwalensa. Komai yana faɗa dalla-dalla, har launin akuyar da aka shigo da ita. Amma ranar da jirgin ya kife wani saurayi ya nutse, layi biyu ya yi ya wuce. Can gaba sai ga shi yana gaya wa uwar yaron wai ɗanta bai sha wuya ba, har ya ambace ta. To yaushe ya ji? Shi da kansa ya ce mana ruwa ya yi gaba da shi wani gefe, nesa da yaron.

Kowace shekara a nan nake kama shi a gaban ɗalibai, ina jin daɗi kamar na kama ɓera a buhun gero. Mai ba da labarin da ba a yarda da shi ke nan, nakan ce, ku rubuta.

Halliru bai taɓa karanta shi ba, ni nake karanta masa ranar Asabar yana ɓarar gyaɗa. Da na nuna masa wurin sai ya ce, "Ke dai 'Yar Gusau kin iya kama ɓarawo. To wa ya cuta?" Na ce gaskiya ya cuta. Ya ce, "Gaskiya ta kawo miki ƙara?" Haushi ya sa na rufe littafin, shi kuwa ya yi ta dariya har gyaɗa ta shaƙe shi.

Talata, 23 ga Yuli

Tabɗi. Mata sun zo gaisuwa daga Nahuce, ina daga ɗaki ina jin Inna tana ba su labarin rasuwar. Da ta zo kan maganarsa ta ƙarshe sai na ji ta ce, "Yac ce a bar Madina gida wurin Inna, kar a kai ta ko'ina."

Na ɗauka kunnena ne. Da suka tafi na leƙa na ce, Inna, yaushe ya faɗi haka? Ta ce Sahabi ya gaya mata tun daren farko, ni ce ba a so a ɗaga wa hankali.

Kowa ya san in na fita takaba gidanmu na Gusau zan koma. Wato in tafi, 'yata ta zauna. Ita kaɗai gare ni, wallahi ita kaɗai.

Juma'a, 2 ga Agusta

Abu uku nake koya wa 'yan aji su tambayi duk mai ba da labari: wane ne shi, ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, me zai samu in an yarda da shi. Tunda ba ni da aji, bari in yi wa mutanen gidan nan.

Inna irin mai ba da labarin nan ce da ya san komai, har abin da ke cikin zuciyar mutane. Ba ta je Tsafe ba, amma ta san ya yi murmushi, ta san ya tuna ranar da ta yaye shi. Kullum labarin ƙara tsawo yake. Makon jiya "a bar Madina gida" ne kawai, jiya har da "ta yi karatun allo inda na yi". Mutumin da jini ya buge, ina ya ga numfashin wannan dogon jawabi?

Me za ta samu? Madina. Goshin yarinyar na ubanta ne, tafiyar ma tasa ce. Na ga Inna tana bin ta da kallo har ta shige zaure.

Ba na cewa ƙarya take. Ta yarda da abin da take faɗa, shi ya sa ya fi wuyar kamawa. Tushen dai Sahabi ne.

Litinin, 12 ga Agusta

Yaya Mahadi, babban wana, ya zo daga Gusau da 'yar tsarabar Mama. Na gaya masa. Ya yi ta juya hularsa a hannu, ya ce, "Hussaina, in da maganar dangi ce sai mu zauna. Amma wasiyyar mamaci? Da wane baki za mu ce a'a?"

Na ce da bakina. Ya ce in yi haƙuri, Bungudu da Gusau ba nisa. Ba nisa! Shi yaransa biyar suna kwana a gabansa.

Bayan ya tafi Madina ta shigo ta kwanta a cinyata. Ta ce, "Umma, in Baba ya ce in zauna, in na bi ki zai yi fushi?" Na ce ta tashi ta wanke ƙafa, duk taɓo.

Asabar, 17 ga Agusta

Ruwa tun safe. Bangon ɗakin ya jiƙe, kayana duk warin sanyi. Na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me ya ce ba.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na sa Sahabi ya sake ba ni labarin, na ce ina son in riƙe shi sosai. Allah Ya yafe mini, jarrabawa nake masa.

Wanda ya ga abu da idonsa yakan kawo tarkacen da ba su da amfani: wane ya zubar da ruwa, rago ya tsinke, takalmi ɗaya ya fita. Labarin Sahabi fes yake, kamar an share. Ba ƙura, ba kukan dabbobi, ba kowa a wurin sai shi da yayansa, a tsakiyar kara ana saura kwana kaɗan Sallah! Na ce wace riga ce a jikinsa? Ya ce fara. Da shuɗiyar rigar aiki ya bar gidan nan, kuma ita aka dawo mini da ita a leda.

Sau biyu ya ce "anka ce", sannan ya gyara ya ce "na gani".

Na kama shi. Da ina iya fita, gobe da safe ina motar Tsafe, in tambayi mutanen kara ɗaya bayan ɗaya. Amma ko zaure ban isa in taka ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Tsafe ta zo da ƙafarta. Jamila, matar Malam Idris abokin aikinsa, ta zo gaisuwa, ta ce hanya ce ta hana ta tuntuni, kowa na tsoron titin nan yanzu. Mace mai surutu, Allah Ya yi mata albarka. Ban tambaye ta komai ba, ita ta kwance.

Ta ce maigidanta har yau ba ya son bi ta gindin bishiyar da abin ya faru. Wai Halliru ya duƙa zai buɗe bakin wani rago, sai kawai ya kife. "Ko a bai ce ba, Malama. Maigidana yac ce kamin a kawo ruwa rai ya yi halinshi. Da ƙanenshi ya iso da la'asar har an ruhe shi da zane."

Ta ci gaba da labarin tsadar taki. Ni kuwa ban ƙara jin me take faɗa ba. Ba wasiyya! Bai ce a bar Madina ba, bai ce komai ba. Na ba ta goro na ce ta gaida gida.

Sai da na ɗaga hannu zan yi kabbarar sallar la'asar sannan sauran ya iso mini. Bai ce komai ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Hussaina. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa kirana Hussaina ba, ko a gaban mutane. 'Yar Gusau, ko Malama in yana tsokana. Tun ranar farko wannan yana gabana ƙiri-ƙiri.

Ni mai tambayoyi uku. Na bi maganar Inna da fitila, na ƙirga wa Sahabi launin riga, amma layin yafiyar da aka ba ni na haɗiye shi ko taunawa ban yi ba. Me mai sauraro zai samu in ya yarda? Wannan ba ta cikin abin da nake koyarwa.

Kunun nan da bai sha ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Na aika aka kira Sahabi. Labule a tsakaninmu. Na ce Jamila ta zo. Ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙasan labule suna tonon ƙasa.

Ya ce da ya dawo da gawar, Inna ta riƙe rigarsa tana cewa mi yac ce, mi yac ce, ɗana bai tahi bai bar min ko kalma ba. "Yaya, na duba huskarta na kasa. Sai ni ce mata yac ce a kula da Madina, a gaida Inna. Iyakar abin da ni hwaɗi ke nan, wallahi. Sauran ita ta yi ta ƙarawa, in ta tambaye ni ko ba haka ba, sai in ce haka na."

Na ce ni fa?

Ya ce ranar da yayansa zai fita ya ji mu muna faɗa. Kuma ya ga ba na cin abinci.

Na so in zage shi. Na buɗe baki ma. Sai na ji yana jan hanci kamar yaro, babban mutum mai 'ya'ya uku. Ya ce in na ce ya je ya gaya wa Inna gaskiya zai je yanzu, kuma ya san daga nan ba mai hana ni ɗiyata. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, zan neme shi.

Asabar, 28 ga Satumba

Ban neme shi ba har yau. Kullum sai in ce gobe.

Abin a hannuna yake. Kalma ɗaya Sahabi zai faɗa a gaban Inna da Yaya Mahadi, in ɗauki 'yata in fita, ba mai ce mini ci kanki.

Ɗazu na fito alwala na tarar da Inna a bakin ɗakinta tana tsince wake, ita kaɗai, bakinta na motsi. Na ɗauka tasbihi take. Da na matso na ji abin da take maimaitawa: "A gaida Inna. A gaida Inna." Ta ɗago ta gan ni ta ce, "Kin ga, ko a wannan halin bai mance ni ba."

Na ce haka ne, Inna. Na shige da butata, alwalar ma sai da na sake, na manta ko na wanke fuska.

Ni na san yadda ake ji in an ƙwace wannan. Kusan makonni uku ke nan ina kwana da shi. Ni da sauran ƙarfina ke nan, ita fa, da ciwon ƙafa da ido ɗaya mai yana?

Amma ba zan bar Madina ba. Ko sama da ƙasa za su haɗu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na shiga ɗakin Inna bayan azahar, na durƙusa. Na ce Inna, in na fita takaba da Madina zan tafi. Duk hutu zan kawo ta da kaina, Juma'a ma in hanya ta yi kyau. Amma a gabana za ta kwana.

Ta ajiye carbi. Ta ce, "Wasiyyar mijinki fa?"

Ga ƙofa a buɗe, Sahabi yana zaure, ina jin tarinsa. Kira ɗaya ne.

Na ce na ji wasiyyar, Inna. Ba zan iya ba ne. In laifi ne a wuyana yake, ni zan amsa a gaban Allah.

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Ashe haka kike. Yana kwance cikin ƙasa kina take maganarshi." Ta ce boko ne. Ta ce abubuwa da yawa, wasu ba zan rubuta ba. Ban ɗago kai ba, ina kallon zaren tabarma. Daga ƙarshe ta ce in ɗauke ta, ita ba za ta yi kokawa da uwa a kan ɗiyarta ba, amma in sani ta ji ciwo.

Da na fito matan gidan duk suka kau da kai. Matar Sahabi ta janye 'yarta daga hanyata.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yaya Mahadi ya bugo waya, labari har ya kai Gusau. Wai Mama ta ce na ba su kunya. Sahabi ya tare ni bakin rijiya, ya ce, "Yaya, bari in hwaɗa mata, ba ki cancanci wanga ba." Na ce in ya buɗe baki ni da shi har abada. Na ce kuma miyata ba ta rasa daddawa ba, hancinsa ne ya lalace. Ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An yi mini kitso, an ba ni kwallina. Na fito zaure, hasken titi har ya sa ni hawaye.

Inna ba ta fito rakiya ba. Ta kira Madina ɗaki, ta ɗaura mata ƙullin gyaɗa da hular ubanta. Ina jin ta tana cewa, "Babanki yac ce a kula da ke. Ki riƙe wanga." Ni da na durƙusa sallama, kai kawai ta ɗaga.

A mota Madina ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu bar gari. Hannuna ya mutu, ban motsa ba har Gusau.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na koma aji. Malamar da ta riƙe mini ta bi takarduna sak, har sun iso babin kifewar jirgi. Nana Khadija, mai zama gaba, ta ɗaga hannu tana zumuɗi: "Malama, mun kama shi! Maƙaryaci ne, ba ya wurin, yaron bai ce komai ba."

Na ce daidai ne, ba ya wurin, kin karanta da kyau. Na juya zan rubuta a allo kamar kullum, allin ya tsaya a hannuna. Na ce to ku buɗe shafin da uwar ta tare shi a bakin ruwa, ku karanta abin da ta tambaye shi. Wa ya cuta?

Suka yi ta kallona. Wata ta ce, Malama, wannan zai fito a jarrabawa? Na ce ban sani ba.

Da yamma ina yi wa Madina tsifa sai ta ce, "Umma, Baba ya ce a gaida Inna, ya ce a kula da ni. Ke fa, bai ce komai a kanki ba?" Na ci gaba da tsifar. Na ce ya ce. Ya ce a gaya wa 'Yar Gusau ya yafe mata.

Ta ce me kika yi masa? Na ce takalminsa na yi wa faɗa. Ta yi dariya har matajin ya faɗi.

Sunan kawai na gyara, don Sahabi bai iya ba. Halliru, kada ka yi mini dariya.